YA KARYE A KASUWA

Shafi na 12

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allah da ta ce in na sake yin shiru za ta daina bibiya. Ku yi haƙuri. Yarona ne ya yi tafiya, wayarsa ta mutu a hanya, ban iya haɗa jimla ɗaya ba sai da na ji muryarsa. Ga Malam Isiyaku tela nan ya ci gaba da ba mu labarinsa da bakinsa, a Jega, farkon samun jihar Kebbi.

*

Zare na je karɓa a tasha, amma ban karɓo ba.

Aliyu direba ne ya tare ni, ya cire hula ya gaishe ni, sannan ya ce, "Malam, ya jikin Sanusi? Ƙahwar ta yi sauƙi?"

Na ce, "Wace ƙahwa?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"Ashe ba ka ji ba. Ai tun makon jiya anka bugo tarhon Alhaji Maiwada. Buhunan albasa sunka zubo mishi wurin sauke kaya, can Ibadan."

Sanusi ɗana ne na fari. Wannan ce tafiyarsa ta farko zuwa kudu, da albasar da muka noma a Danwarai. Tarhon da Aliyu yake magana kuwa, tsakaninsa da kekena na ɗinki bai kai tsawon tabarma ba.

Ban san yadda na iso wurin aikinmu a Sabon Gari ba.

Zaure muke ce wa wurin aikinmu, amma tsohon siton albasa ne mai ƙofa biyu. Alhaji Maiwada dillali ne ya kama shi, ya ja tarho, ya ce duk mai sana'ar da ba shi da shago ya zo ya ɗauki kusurwa. Ni na ɗauki bakin taga saboda haske. Theresa ta kafa tafiretarta kusa da tarho, tana buga wa masu neman aikin sabuwar jiha takardu, ita ke ɗaukar kira. Philemon mutumin Zuru, wanda ya yi aikin asibiti har ya aje, yana da kantar magani a ƙofar gabas. Can ƙurya kuma tabarmar Ɗayyabu ce, mai ɗori daga Aliero. Fitila ɗaya, randa ɗaya, tsintsiya ɗaya. Wanda ya riga zuwa shi ke shara.

Na shiga ban yi sallama ba.

Tafireta ta tsaya.

Alhaji yana zaune kan kujerarsa yana ɓare goro. Ya ce, "Malam Isiyaku, lahiya? Ina zaren?"

Na ce, "Alhaji, an bugo tarho a kan yaron?"

Philemon ya juya yana gyara kwalaben da ba su karkace ba.

Tun da aka haife shi ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Ɗan fari ne, kunya ba ta bari. Duk kwanakin nan, in tarho ya yi ƙara ƙafata kan tsaya a kan keke, in kasa kunne, amma ban taɓa buɗe baki na tambaya ko shi ne ba. Ranar nan kunyar ta fita daga kaina.

Na ce, "Sanusi nika nuhi. Ɗana Sanusi. An bugo ko ba a bugo ba?"

Theresa ta sa hannu ta rufe bakinta.

Alhaji ya aje goron. "Zamna, Malam."

"Ba ni zamnawa."

"To, an bugo. Ranar da kat tahi Maiyama auna ɗinkin biki."

"Mi anka ce?"

"Abin da ba ya kashe mutum. Ni kaina sau nawa yas same ni? Ga ni zamne gabanka."

Na ce, "Ba kai nika tambaya ba. Theresa, ke kinka ɗauka. Hwaɗa min yadda kinka ji, kada ki ƙara, kada ki rage."

Ta dubi Alhaji. Dokar zaurenmu ce, mu muka kafa ta da kanmu: mugun labari ba ya fita daga bakin mai ɗaukar tarho, sai ya bi ta wurin Alhaji, shi zai san lokacin da ya dace da yadda za a faɗa. Ni ma ina cikin waɗanda suka ce haka ya fi.

Alhaji ya ɗaga mata kai.

Ta ce, "Baba tela, layin ba kyau, sai ƙara yake yi. Mai maganar ya ce shi ne Bala direba. Ya ce a gaya wa baban Sanusi, Sanusi ya karye a kasuwa. Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Sanusi ya karye a kasuwa. Sai layin ya yanke."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Alhaji ya buɗe hannuwa. "Ka ji ko? Tun makon jiya albasa ta hwaɗi a kudu, kowa ya sani. Motoci sun yi yawa, kaya na ruɓewa a ƙasa. Yaro sabon shiga, ya tahi da noman gida duka. Nic ce in munka hwaɗa maka yanzu, ga hawan jininka, ga shi ba abin da za ka iya. Jari na, Malam. Jari kan karye ya tashi."

Na matsa gabansa.

Na ce, "Alhaji, ƙahwa ta."

"Mi?"

"Ƙahwa ta. Buhuna sunka zubo mishi. Aliyu direba ya hwaɗa min yanzu a tasha."

Goron ya gangaro daga cinyarsa ya faɗi ƙasa. Bai ɗauka ba.

Daga ƙurya na ji motsi. Ɗayyabu ne ya miƙe daga tabarmarsa. Mutum ne mai nauyin jiki, ba ya gaggawa ko ana ruwa, amma ranar nan kafin in juya yana gabana.

"Wace ƙahwa? Cinya ko ƙwauri?"

"Ban sani ba."

"Ƙashi ya huda hwata?"

"Ban sani ba, Ɗayyabu. Ni da ba a hwaɗa ma komi ba, mi zan sani?"

Ya juya wajen Alhaji. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Alhaji, ban tambaye ka ba? Ranar nan, nan wurin randa. Nic ce maka ƙashi ko jari?"

Alhaji ya ce, "Ka tambaya."

"Kac ce min mi?"

"Nic ce a kasuwa anka ce."

"Ni kuma niy yarda." Ɗayyabu ya dafe kansa. "Ni da kalmar nan ita ta abincina. Kullum ita aka shigowa da ita ta ƙohwar can. Niy yarda, don an ce kasuwa."

Philemon ya ce, "Dukanmu muka yarda. Ni ma ban sake tunani ba."

A nan wani abu ya faɗo mini. Na dubi tarin ɗinkin da ke kan teburina. Tun makon jiya aiki ke zubo mini kamar ana gobe salla. Theresa ta kawo farin yadi, wai rigunan 'yan mawaƙan cocinsu. Philemon ya ce in yi wa kantarsa labule, shi da bai taɓa damuwa da rana ba. Ɗayyabu kuwa riguna ya kwaso daga gida ya ce a ƙara musu aljihu.

Na ce, "Ashe abin da ya sa ke nan."

Theresa ta fara kuka a hankali. "Mun ce kafin ya dawo, ka ɗan samu abin riƙewa, Baba."

"Kuna tara min ɗinki, ɗana na kwance."

Na so in yi faɗa, na nemi wanda zan yi da shi na rasa. Waɗannan su ne mutanen da ke tsare mini keke in na tafi jana'iza. In abokin cinikina ya zo ba na nan, Philemon kan aje sirinji ya ɗauki awo da tef, ko da yake sai na sake.

Philemon ya ce, "Faɗa ya jira. Theresa, nemo mana Ibadan."

Ta share ido ta jawo tarho. Lambar wani shago ce kusa da kasuwar albasa, inda mutanenmu ke karɓar saƙo. Ta juya, ba ta shiga ba. Ta sake. Wani malamin makaranta ya leƙo da takardu a hannu, ya ga fuskokinmu, ya koma da baya.

Alhaji ya ce, "Malam Isiyaku."

Ban juya ba.

"Akwai saura."

Na juya.

"Washegari ni na buga can. Ban samu Bala ba. Mai shagon Bayarabe na, Hausatai ta ciniki ta. Nib bar saƙo."

"Wane saƙo?"

Ya ce, "Nic ce a hwaɗa ma yaron, babanai ya ji. Ya ce ba komi. Kada ya tsaya can yana wahala, ya hau mota ya taho gida."

"Da sunana?"

"Da sunanka. Na ga yaro in ya karye kunya ka hana shi dawowa. Wasu sai su ɓace a kudu, shekaru ba labari. Nic ce in ya ji daga bakinka zai taho."

Philemon ya aje abin da ke hannunsa. "Alhaji, mutum mai karaya ka ce ya hau mota daga Ibadan?"

"Ban san karayar ƙashi ta ba, Philemon."

Theresa ta ce, "Ta shiga."

Ta miƙo mini. Na kara kan tarhon a kunne. Aka kira wani ɗan garinmu mai suna Maikano da ke dako a kasuwar. Muryarsa na zuwa tana ɗaukewa.

"Baba, ai sun taso tun shekaranjiya."

"Daga ina?"

"Daga asibiti. Can munka kai shi ranar da abin ya hwaru. Ƙwauri na, ƙashin ya hito waje. Sunka wanke sunka naɗe. Bayan kwana biyu likita ya ce wurin bai yi mishi kyau ba, a nemo babanai ya zo, don wataƙila sai an yanke."

Na jingina da teburin Theresa.

"Kana jina, Baba?"

"Ina jinka."

"Sanusi ya ce ba mai taɓa shi sai ka zo. Muna jira, sai ga saƙonka, kac ce ya taho gida. Likita ya hana, ya yi ta hwaɗa da Turanci. Sanusi ya ce tun da babana ya ce in taho, akwai Baba Ɗayyabu a zaure. Bala ya shimhiɗa mishi katihwa a bayan mota."

"Yana magana da kunka rabu?"

"Yana yi. Jikin dai da zahi."

Layin ya yanke.

Na mayar musu da abin da na ji, ban rage ba. Da na zo wurin yankewa, Alhaji ya tashi ya fita ƙofar yamma ya tsaya yana kallon titi.

Philemon ya ce, "In shekaranjiya suka taso, yau za su shigo. Malam Isiyaku, ka saurare ni. Kada a sauke yaron nan a nan. Yadda motar ta tsaya, a sa shi a ƙaramar mota, sai Birnin Kebbi. In sun ce Sakkwato, Sakkwato."

Ɗayyabu ya ce, "Su ƙarasa abin da na can sunka hwara?"

"Su ceci ransa."

"Ƙahwa nawa anka kawo min da takardar yankewa? Wanga mai gyaran keke na bakin kasuwa, da mi shika taka feda yau?"

"Wancan fatarsa ba ta buɗe ba. Ka sani, na sani."

"Kai dai allura da wuƙa."

"Kai kuma kara da man shanu. Mun daɗe muna wannan, Ɗayyabu, yau ba ranar wasa ba ce."

Sun daɗe ɗin kuwa. Kullum suna tsokanar juna, amma in an kawo wa Ɗayyabu mai rauni, Philemon ke wanke ciwon kafin a ɗora. In mai targaɗe ya zo sayen ƙwaya, Philemon kan nuna masa ƙurya ya ce ga maganinka can zaune. Ban taɓa ganin sun tsaya fuska da fuska ba murmushi sai ranar.

Philemon ya ce, "Ƙashi a waje, kwana da kwanaki, ga zafin jiki, ga hanya. In ruɓa ta hau sama, ba ƙafa za mu yi magana a kai ba."

Ɗayyabu ya ce, "Ban ce ƙarya kaka yi ba. Amma yaron ga manomi na. Lambun albasa da ƙahwa guda? Wa zai ja mishi ruwa? A bari in gani da idona. In ta ɗoruwa ta, in ɗora."

"In ba ta ɗoruwa ba ce fa?"

"Hannuna bai taɓa yi min ƙarya ba."

Suka juyo gare ni tare.

Philemon ya ce, "Ɗanka ne, Malam."

Ni tela ne. Na san inda ake yanka yadi da inda ba a yankawa. Wannan ban san shi ba. Na tuna Sanusi yana tafe gabana a kan kunyar lambu, buhu a kafaɗa, yana tsallake kwari ba ya ko dubawa. Na tuna uwarsa a Danwarai, wadda jiya ma ta ce mini ta yi mafarkin ya dawo da atamfa. Ba ta san komai ba tukuna.

Na ce, "A sauke shi nan. Ɗayyabu ya gani. Amma Philemon, kada ka tahi ko'ina."

Philemon ya ce, "Ina zan je? Kantata na nan." Ya cire agogonsa ya sa a aljihu. "Theresa, a dafa ruwa. Da yawa."

Zauren ya juye. Muka kwashe ɗinkin da ke kan teburina na yanka, muka jawo shi tsakiya, don shi ne mafi faɗi. Theresa ta sauke tafireta ƙasa, ta rufe ta da zane, ta ce wa masu jiran takardu su dawo gobe. Ɗayyabu ya kwance ƙunshinsa, ya zauna yana fere karan ɗori, yana gwada tsawonsu a ƙwaurinsa.

Ya ce, "Isiyaku, ina son tsumma mai tsabta. Dogaye."

Na duba, ban ga farin yadi ba sai na 'yan mawaƙan coci.

Theresa ta ce, "Yanka, Baba."

"Na mutane na."

"Ni na saya. Ba wasu 'yan mawaƙa. Yanka kawai."

Na sa almakashi. Ban taɓa yanka yadi hannuna na karkacewa ba sai ranar.

Alhaji ya dawo ciki. Ya tsaya nesa da ni kaɗan.

"Na aika a tsayar da ƙaramar motar Ɗanjuma direba, ta jira a ƙohwa. Ko za a buƙata."

Na ce, "To."

"In aika Danwarai a ɗauko uwatai?"

"A'a. Saƙo ya isa haka nan, Alhaji. Wanga ni zan kai shi da bakina."

Ya sunkuyar da kai. Tsoho ne, ya girme ni nesa, ban taɓa mayar masa da magana ba. Na ga abin ya shige shi, ban kuma iya janyewa ba.

Muka yi azahar a ƙofar zaure. Na idar ban san surar da na karanta ba. Duk babbar motar da ta taho daga hanyar Maiyama sai na miƙe, ta wuce in koma in zauna. Mai abinci ta kawo kwanona, na ce ta mayar. Philemon ya zo ya kama hannuna zai gwada jini, na fizge.

Ya ce, "In ka faɗi, wa zai riƙe shi?"

Na miƙa masa hannun.

Ana kiran la'asar motar Bala ta tsaya. Ta sha ƙura har ba a ganin rubutun gabanta. Garewanin manja ta ɗauko. Bala ya diro, idanunsa jawur, ya durƙusa a gabana.

"Baba, mun yi ta sauri. Taya ta hwashe muna bayan Kwantagora, shi ya sa."

"Yana ina?"

Ya nuna baya.

Ban jira an sa tsani ba. Ban san yadda na hau ba. A tsakanin garewani, ƙarƙashin tamfol, ga katifa, ga ɗana. Ya rame har kumatunsa sun faɗa. Leɓɓansa sun tsage. An rufe ƙafar dama da zane, ƙudaje na bin zanen.

Ya buɗe ido.

"Baba."

"Na'am. Ga ni."

"Na ji saƙonka. Na taho."

Na kasa cewa ba nawa ba ne.

Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Baba, albasarmu ba ta ruɓe ba. Mun riga hwaɗuwar kasuwa da kwana guda. An saye ta duka, tun kahin buhunan wani su zubo min."

Alhaji na tsaye a gindin mota, ya ji. Na ga ya dafa ƙarfen motar.

Na ce, "Bar zancen albasa."

Muka sauko da shi a kan katifar, mu shida, har da masu dako biyu da suka taho da kansu. Duk inda aka ɗan girgiza sai ya cije leɓe, bai yi ƙara ba. Jikinsa kamar an ciro shi daga tanda. Muka shimfiɗa shi a kan teburina. Theresa ta tura ƙofofin biyu, ta bar taga.

Ya kama bakin rigata.

"Baba, can sun ce za su yanke."

"Na ji."

"Ban yarda ba. Nic ce musu garinmu ba a yanke ƙahwa, ɗora ta aka yi. Sunka yi ta kallona." Ya nemi Ɗayyabu da ido. "Baba Ɗayyabu, ina wuni."

Ɗayyabu ya ce, "Lahiya lau, ɗan Danwarai. Kai da anka aika saida albasa, sai ka tsaya kokawa da buhu?"

"Shi ya hwara."

"To, bari mu ga abin da ya yi maka."

Sanusi ya ƙara damƙe rigata. "Baba, ka ce ba za a yanke ba."

Philemon ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan, yadda yaron ba zai gani ba. Na gane abin da yake nufi. Amma idon Sanusi na cikin nawa, kuma tun yana ƙarami bai taɓa roƙona wani abu ba.

Na ce, "Ba mai yanke ta."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ya saki numfashi, ya rufe ido.

Ɗayyabu ya wanke hannu har gwiwa. Ya yi bismilla. Ya ɗage zanen, ya fara warware bandejin asibiti a hankali, yana jiƙa shi da ruwan ɗumi inda ya manne. Tun bai kai ƙarshe ba wari ya cika zauren. Theresa ta koma bakin taga. Ni ban duba ba. Fuskar Ɗayyabu nake kallo, don na san a nan zan karanta.

Ya cire na ƙarshe.

Ya daɗe yana kallo.

Ya sa yatsa biyu ya taɓa saman ƙafar. Ya matsa ƙasa, wajen yatsu.

"Sanusi, ka ji nan?"

"Ina?"

"Nan da nika taɓawa."

"Ba ka taɓa ba tukuna, Baba Ɗayyabu."

Ɗayyabu ya matsa sama kaɗan, ya danna. "Nan hwa?"

"Ka hwara ne?"

Ɗayyabu ya daina dannawa. Ya janye hannunsa, ya riƙe shi da ɗayan kamar ya taɓa wuta. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Philemon. Zo ka duba."

Philemon ya zagayo. Ya sunkuya, ya bi wani jan layi da ido daga gwiwa zuwa cinya. Ya ɗago. Suka dubi juna, ba wanda ya ce wa wani na gaya maka.

Philemon ya ce a hankali, "Alhaji, motar Ɗanjuma na nan?"

"Tana ƙohwa."

Ɗayyabu ya durƙusa. Ya tattara karan da ya wuni yana ferewa, ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da farin yadin da na yanka, ya fara naɗewa.

Ƙarar karan ce ta sa Sanusi ya buɗe ido. Ya ɗaga kai da ƙyar, ya dubi ƙasa, sannan ya dube ni. Hannunsa na nan a rigata.

"Baba," ya ce, "don mi Baba Ɗayyabu shika naɗe kayanai?"